Na ƙi cin abincin Mama, har muka tafi ba ta sake kallona ba

Maman 'Yan Biyu:
Salama 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na rasa wa zan gaya wa shi ya sa na kawo nan, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo. Wata biyar ke nan da likita ya ce sugana ya fara hawa, bai kai ciwon ba tukuna amma yana bakin ƙofa, ya ce in rage ƙiba in kula da abin da nake ci. Na kama abin ba wasa, na sauke kilo 9, har manhajar ƙirga kalori na sa a waya. To ranar Lahadi bayan sujada mu uku daga zumuntar mata muka je gaida wata tsohuwa a ikkilisiyarmu da ta yi rashin maigidanta bara, ashe tun asuba ta tashi girki don ta san muna zuwa. Ta fito da faranti a cike, shinkafa da soyayyen nama, ga lemon kwalba mai sanyi har yana raɓa. Ni kuwa sai na ce Mama na gode, amma ni yanzu ba na cin irin wannan. "Irin wannan" ɗin nan ce ta suɓuce mini ban shirya ba. Ta tsaya da farantin a hannu ta dube ni, sai kawai ta ce to 'yata, ta juya da shi ciki. Har muka yi addu'a muka tashi ba ta sake haɗa ido da ni ba.

Na yi laifi ne? Ni dai na san jikina haikalin Ruhu Mai Tsarki ne kuma umarnin likita nake bi. Amma bari in faɗi gaskiya tunda a cikin 'yan'uwa nake, kwanan nan in muna taro na ga wata ta cika faranti sai in ji a raina kamar na fi ta wani abu, kuma wannan ɗin ya fi ba ni tsoro a kan maganar Mama.

Ɗan Mawaƙa:
Yaya ai kin riga kin ba kanki amsa hhhh. Luka 10:8, da Yesu ya aiki almajiransa cewa ya yi duk garin da aka karɓe ku ku ci abin da aka kawo muku. Bai ce ku fara duba waya ba.

Nas Mai Aikin Dare:
Ɗan Mawaƙa don Allah a bi a hankali da irin wannan ayar. Da ka taɓa kwana a ɗakin da nake aiki ka ga ƙafar da ciwon suga ya cinye har sai an yanke, ba za ka yi dariya ba. Sau nawa mutum zai ce mini "ai kunya na ji, an kawo mini ba zan iya cewa a'a ba", kunyar nan tana kwantar da mutane a gadon asibiti. Abin da 'yar'uwarmu take yi daidai ne, akwai babban bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2002 a kan masu irin matsayinta, waɗanda suka ɗan rage nauyi suka riƙa motsa jiki haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100, ya ma fi na waɗanda aka ba ƙwayar magani. To ki ci gaba Maman 'Yan Biyu kada kowa ya karya miki gwiwa.

Sai dai kuma in faɗa miki a matsayina na ma'aikaciyar jinya, a inda kike ɗin nan cokali huɗu na shinkafa da tsokar nama ɗaya ba su za su kayar da ke ba. Lemon ne abin gudu, kwalba ɗaya ta mililita 330 tana iya ɗaukar suga giram 35, shi za ki ce a ba ki ruwa a madadinsa. Ba tilas ba ne sai dai ki cinye duka ko ki ƙi duka.

Ɗalibin Tauhidi:
Ni inda zan ɗan taɓa shi ne ayar haikalin nan, don kullum ana ɗauko ta a maganar rage ƙiba. Ku buɗe 1 Korantiyawa 6 ku karanta daga aya 12 zuwa 20, Manzo Bulus a kan fasikanci yake magana, ba a kan tumbi ba. Ban ce ba za a iya koyon kula da jiki daga wurin ba, amma in mutum ya ɗauke ta ya rataya a kan sikeli to ya sa ta aikin da ba nata ba. A wasiƙar nan dai, 8:8, ya ce abinci ba shi yake kai mu ga Allah ba, in mun ci ba mu ƙaru ba in mun bari ba mu ragu ba.

Haka ma azumin Daniyel da ake yi na kwana 21. A sura 1 kwana goma ne aka gwada su da ganye da ruwa, dalilin kuma kada ya ƙazantar da kansa da abincin sarkin Babila, kuma ku duba aya 15, da kwana goman suka cika sun fi sauran samarin ƙiba ne! Wato in da rage nauyi ya je yi to bai ci nasara ba. Mako ukun kuma a sura 10 yake, makoki yake yi a wurin.

Abin da ya ba ni mamaki da na bi tarihin shi ne wannan al'adar ta tsarin cin abinci da muke gani kamar daga likitoci ta fito, da yawanta daga bagade ta faro. Sylvester Graham fasto ne a Amurka a shekarun 1830, yana wa'azi a kan nama da kayan yaji da farin gari wai suna ta da sha'awa. John Harvey Kellogg likita ne ɗan ikkilisiyar masu kiyaye Asabar a garin Battle Creek, daga gidan jinyarsa hatsin karin kumallon nan na kwali ya fito. Shi ya sa har yau kalmomin na addini ne, ka ji mutum ya ce yau na yi zunubi na ci kek, ko ya ce wannan abinci mai tsabta ne wancan datti ne. Mun fita daga dokokin Littafin Firistoci 11, Markus 7:19 ya ce Yesu ya tsarkake dukan abinci, sai kuma muka zauna muka rubuta wa kanmu sabon Littafin Firistoci da kalori.

Mai Gudun Asuba:
Malam Ɗalibi duk na ji, amma ni fa akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Shekarata nawa ina zuwa coci, na ji wa'azi a kan giya ba adadi, a kan zina ba adadi, amma ko sau ɗaya ban taɓa jin an hau bagade an yi wa'azi a kan haɗama ba, alhali Karin Magana 23:20-21 ta haɗa mashayi da mai zarin ci a layi ɗaya. Me ya sa? Don mai wa'azin ma maɓallin rigarsa na kuka ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, sama da biliyan ɗaya ke nan, mu kuwa kowane taro sai an ci an sha kamar gobe ba za a wayi gari ba. Kamun kai fa ɗiyan Ruhu ne, yana nan a Galatiyawa 5. Mutum ya fara kame bakinsa sai a ce ya zama Bafarisiye. Ni ban ga laifin Maman 'Yan Biyu ba ko kaɗan, tsohuwar ce ya kamata ta fahimta.

Ɗalibin Tauhidi:
Ɗan'uwa na yarda da kai a kan shirun da ake yi, amma haɗama ta fi faɗin yadda kake auna ta. Fafaroma Giregori Babba, wanda ya rasu a 604, ya lissafa hanya biyar da take kama mutum, Toma Akwinas ma ya bi bayansa a ƙarni na 13: ci kafin lokaci, neman mai tsada, ci fiye da kima, ci da rawar jiki, sai ta biyar tsirfa, wato sai an dafa maka daidai yadda kake so in ba haka ba ba ka ci. Ka ga ke nan mai ɗan ƙaramin faranti da yake wahalar da duk gidan da ya shiga da ba na cin wannan ba na cin wancan, shi ma cikinsa ne yake mulkinsa, sai dai nasa ba ya nunawa a riga. Ba da ke nake ba Maman 'Yan Biyu, ke likita ne ya sa ki.

Mai Gudun Asuba:
To wannan kuma ai sai ka ce kowa mai haɗama ne, in kowa ne kuwa an kashe maganar ke nan.

Auta:
Ban so in yi magana ba amma abin da Yaya Mai Gudun Asuba ya ce na maɓallin riga ya taɓa ni. Ni mai jiki ce tun ina yarinya. A coci aka fi yi mini maganar, ba a makaranta ba. Ana gama sujada wata uwa za ta kama hannuna tana murmushi ta ce kai wannan jiki sai ƙaruwa yake, wa zai ɗauke ki haka, kowa ya yi dariya ni ma in yi. Na daina ci a taron matasa gaba ɗaya, in an raba sai in ce na ƙoshi in koma gida in ci a ɗaki a ɓoye da kuka. Bara da aka sa azumin farkon shekara ni murna na yi, ba don addu'a ba, don na samu dalilin ƙin ci da babu mai tambayata, aka gama kowa ya buɗe baki ni na ci gaba har wata biyu ina shan ruwa da ɗan abu kaɗan, har na faɗi a wurin aiki. Abin haushin kowa yabona yake, wai na yi kyau, wai na shiga ruhaniya. Wa'azin haɗamar da kake nema ɗin nan Yaya, in aka yi shi, ni kowa zai juyo ya kalla, ba ramammen da yake cin faranti uku ba.

Nas Mai Aikin Dare:
Auta ƙanwata na gode da kika faɗa. Abin da kika kwatanta ba ruhaniya ba ce kuma ba rashin bangaskiya ba ne, ciwo ne da yake da suna kuma ana jinyarsa, yana iya taɓa zuciya da ƙoda har ya kashe. Ki yi mini magana ta gefe yau ɗin nan don Allah, kuma ki ga likita ko da kina ganin ya wuce. Iyayenmu mata kuma ku ji tsoron Allah da bakinku a kan jikin 'ya'yan mutane.

Ɗalibin Tauhidi:
Abin ma ba sabo ba ne a ikkilisiya. Katarina ta Siyena a Italiya ta yi ta ƙin abinci har firist ɗin da yake mata jagora ya riƙa umartarta ta ci, ta rasu a 1380 tana da shekara 33. Ni kuma kullum ina tuna Iliya a 1 Sarakuna 19, ya gaji har yana roƙon mutuwa a gindin itace, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, ya tashe shi ya ce tashi ka ci, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ce ƙara ci don tafiyar ta fi ƙarfinka.

Mai Gudun Asuba:
Auta ki yafe mini, ban yi tunanin ta nan zai faɗo ba. Maganar riga na janye ta. Amma ta kamun kai tana nan.

Matar Fasto:
'Ya'yana na karanta duka tun daga sama. Bari in yi magana ta ɓangaren mai tukunya don shekara talatin da wani abu ina dafa wa baƙi, wani lokaci ban ma san sunansu ba sai dai in ji sallama. Maman 'Yan Biyu, ke kina ganin shinkafa da nama, ita tsohuwar nan ba shi ta kawo miki ba. Macen da ta yi shekaru tana dafa wa mutum ɗaya aka wayi gari babu shi, tukunyar ma kallonta take ta rasa na wa za ta ɗora, na ga gwauraye da yawa da suka daina girki sam sai dai su jiƙa wani abu su sha. In irin wannan ta tashi da asuba ta kunna wuta saboda ku, to ranar ta samu dalilin tashi ne. Da kin ce Mama likita ya hana ni amma zuba mini kaɗan in taɓa albarkacin hannunki, da ita da kanta za ta ɗauke lemon. Da kika ce irin wannan, abin da kunnenta ya ji shi ne irin naku.

Amma kuma mu masu karɓar baƙi muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Mukan tsare mutum da ci mana, ƙara mana, ko ba ka son abincina ne, har ya ci abin da zai hana shi barci don kawai mu ji daɗi a ce gidanmu ana ƙoshi. Wannan ba baƙon muke yi wa ba, kanmu muke yi wa. Ni kaina na taɓa fushi da wani mai bishara da ya kwana gidanmu ya bar rabin abincinsa, kwana biyu ina ƙunƙuni a madafa, sai daga baya na ji ashe gyambon ciki gare shi, kunya kamar in nutse. Marta ma ai don Yesu take ta kai da kawowa a Luka 10, amma hidimar ta yi yawa har ta manta da baƙon yana zaune a ɗaki. Tun daga lokacin in baƙo zai zo nakan tambaya tun kafin, akwai abin da ba ka ci? Ba ya rage mini komai. Shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma.

Dattijo:
Mama kin gama magana, ni ƙari kaɗan zan yi. Magabatanmu a bangaskiya sun sha wannan tambayar, su da azuminsu ya fi namu nesa ba kusa ba. Yohanna Kasiyan ya zaga wurin masu zaman kaɗaici a hamadar Masar a ƙarshen ƙarni na 4, ya yi mamaki da ya ga duk inda suka sauka ana karya azumi a ci da su. Da ya tambayi wani tsoho sai ya ce masa azumi kullum yana tare da ni, ku kuwa ba zan iya riƙe ku kullum ba. Benedik ma a dokar da ya rubuta wa sufayensa a Italiya a ƙarni na 6, babi na 53, ya ce a karɓi kowane baƙo kamar Almasihu ne, shugaban gidan ya karya azuminsa saboda baƙo, sai dai in babbar ranar azumi ce da ba a karyawa. Ku lura da wannan sai dai ɗin. Ko su sun san akwai abin da ake sassautawa don mutum, akwai wanda ba a taɓawa. Mai ciwon suga da ke kan allura, ko wanda wani abinci yake kumbura masa maƙogwaro, nasa ba a taɓawa, kuma mai gidan da ya matsa masa shi ne mai laifi. Aikinki 'yata shi ne ki san cikin dokokinki wanne likita ya sa, wanne ke kika ƙara.

Zancen na fi ta kuwa da kika yi, shi ne ainihin maganar kuma na ji daɗi da kika gan shi da kanki. Faɗan farko-farko na ikkilisiya a kan faranti aka yi shi. Bitrus ya ga wahayi a Yafa har sau uku, ya shiga gidan Karniliyus wanda ba Bayahude ba ne, amma duk da haka a Antakiya da mutanen Yakubu suka iso sai ya janye ya daina ci da Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, har Barnaba ya bi shi, Bulus ya tsaya masa ido da ido a gaban kowa, Galatiyawa 2. Bai ce masa ka yi rashin ladabi ba, ya ce ba ka tafiya daidai da gaskiyar bishara. Domin wanda kake yarda ka ci da shi, shi ka yarda ɗan'uwanka ne. Romawa 14:3 kuma ta kama kowa, mai ci kada ya rena marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci. Auta ta sha na farkon a juye, ke kuma kina bakin na biyun.

Ɗan Mawaƙa:
Baba ni abin da yake ba ni dariya, Yahaya Mai Baftisma bai ci ba bai sha ba suka ce aljani gare shi, Yesu ya ci ya sha suka ce ga mai zarin ci. Luka 7. Mutane dai ba a iya musu. Kuma bayan tashinsa daga matattu me ya yi a bakin teku? Wuta ya hura ya gasa musu kifi da gurasa. Gasasshe fa Anti Nas, ba soyayye ba, ki shaida.

Nas Mai Aikin Dare:
Kai dai ba ka da dama hhhh.

Malamar Lahadi:
Ni dai abu ɗaya ne yake damuna da duk zancen nan namu. Muna ta muhawara a kan wanda ya ƙi ci da wanda ya ci da yawa, duka matsalar masu abinci ce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce wajen mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023, kuma ba sai an je nesa ba, ina da yara a ajina da nake gane ba su karya ba daga yadda suke kallon biskit. Ishaya 58 ya ce azumin da Allah yake so shi ne ka raba abincinka da mayunwaci. In mun rage ci, abin da muka rage ɗin ina yake zuwa? In firji ya koma to cikinmu kawai muka yi wa aiki.

Mai Gudun Asuba:
Wannan kam na yarda. Amma Malam Ɗalibi har yanzu ba ka amsa mini ba, in ba za a yi wa'azin haɗama ba saboda kada a ji wa wani ciwo, yaushe za a yi shi?

Ɗalibin Tauhidi:
A yi shi mana, amma wanda zai yi ya fara da tsirfa da mai tsada kafin ya zo kan yawa, sai mu ga ko zai kai ƙarshe.

Maman 'Yan Biyu:
'Yan'uwa na dawo, jiya da yamma na je wurin Mama ni kaɗai. Na tarar da ita a zaune a ƙofar ɗaki, na durƙusa na ce Mama na zo neman gafara ne a kan maganar da na yi, na gaya mata zancen likita duka. Ta yi shiru can sai ta ce ai da kin faɗa. Wai abin da ta dafa mana ɗin shi Baba ya fi so, kuma tun da aka binne shi ba ta sake dafa shi ba sai ranar. Ni kuka ita kuka. Ta tashi ta ɗumama wani abu kaɗan ta kawo da ruwa, na ci, ta zauna tana kallona kamar mai gadin jarrabawa har na ajiye cokali.

Ashe ita ma hawan jini gare ta kuma maganinta ya ƙare tun watan jiya ba ta gaya wa kowa ba, Anti Nas zan kira ki a kan wannan. Ta ce in rubuta mata abubuwan da likita ya hana ni a takarda da manyan baƙaƙe don idonta ba ya gani sosai, za ta manna a bangon madafa. Kuma wai ranar Asabar in kawo mata 'yan biyun, in ni ba na ci ai su suna ci.

Auta, na tura miki saƙo ta gefe, ki duba.